Dogon Lens da Mahaifin Ango

Ko da na so, ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, ranar da na tsaya a zauren mutane a wani ƙauye da ke gefen Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, rungume da ƙaton hoto a firam, ina jiran a yaba min. Na daɗe ina ɗora wa lens ɗin kyamarata laifin abin da ya faru. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai kayan zamani ne suka yaudare ni. Yau dai zan faɗi gaskiya: lens bai yi komai ba, ni ne.

Ni mai hoto ne a Birnin Kudu. Karatuna bai yi nisa ba, daga sakandare na tsaya, na shiga shagon Malam Sabo na koyi aiki a hannunsa. Shekarun farko fasfo ne kawai, na ɗalibai da masu neman aiki da maniyyata. "Ɗaga haɓa. Kar ka yi murmushi. Kalle ni." Bayan na buɗe nawa shagon na jima ina fama da wata tsohuwar kyamara, har Allah ya hore min na sayi wata ta hannu, irin ta zamanin nan da ake kira mirales, wato wadda ba ta da madubi a ciki, ga ta ƙarama, ga rashin nauyi. Sai dai gangar jikin kawai na samu. Lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, sai mutum ya nemi nasa. (Kamar ka sayi babur ne a ce taya sai ka zo da ita daga gida.)

Na roƙi Malam Sabo ya raka ni Kano mu zaɓa. Mai shagon da muka shiga ya jera mana guda uku a kan tebur. Na farko ɗan gajere ne, ba ya jawowa, ba ya turawa, inda ka tsaya nan yake gani, amma yana shan haske ko a ɗaki mai duhu. Na biyu matsakaici. Na ukun kuwa sai da ya sa hannu biyu ya ɗauko shi.

"Wannan shi ne komai-da-ruwanka," in ji shi. "In ka murɗa shi baya, zai kwashe maka masallaci da jama'arsa gaba ɗaya. In ka murɗa shi gaba, zai kawo maka fuskar liman kana sahun ƙarshe. Ba sai ka yi ta cirewa kana sakawa ba."

Malam Sabo ya karɓa, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa yana leƙa ciki ko akwai funfuna, ya murɗa a hankali yana saurare. Sannan ya ce, "Ba laifi. Ga mai bin bukukuwa a kan babur, guda ɗaya ya fi uku sauƙi. Amma ka sani, ba ya son duhu. In ka jawo shi har ƙarshe haske raguwa yake, hannunka kuma in ya ɗan motsa hoton ya lalace. A zaure ko da yamma liƙis zai ba ka wahala. Ga nauyi, ya ma fi kyamarar taka. Ka yi tunanin aikin da ka fi yi, sannan ka zaɓa."

Na yi ta gyaɗa kai kamar ina ji. Wallahi ban ji ba. Abin da ya tafi da hankalina shi ne yadda yake zuro kai in an murɗa shi, ya yi tsawo kamar taɓarya. Ka san tun da wayoyi suka yawaita kowa ya zama mai hoto. Ka je biki, ka tarar da mutum ashirin sun sha gabanka, kowa ya ɗaga waya, har da mai ce maka ka matsa. Abin yana ci min rai fiye da yadda nake nunawa. Ni ba lens nake nema ba, wani abu nake nema da za a gani a wuyana a san cewa ni ba ɗayansu ba ne. Na ce shi nake so.

Mako guda na yi ina wasa da shi. In hau babur in je gindin duwatsun nan na garinmu, in jawo akuyar da ke can ƙololuwa har in ga tana tuƙa. In zauna a ƙofar shago in karanta lambar motar da ke tsallaken titi. A hankali sai na koyi wata ɗabi'a da ban lura da ita ba: na daina tafiya. In na je suna ko walima sai in nemi inuwar darbejiya in kafe, in yi ta murɗawa daga nan. Da can sai na shiga cikin mutane, na gaisa, na ce wane matso, wane gyara hula. Yanzu kuwa har a tashi taro ba lallai in san sunan mai gidan ba.

Bayan kaka, lokacin da bukukuwa ke yawa, wani mutum ya shigo shagona. Sunansa Isiyaku, makanikin manyan motoci ne a Fatakwal, ya zo gida aure. Ba mai yawan magana ba ne. Sai da ya gama kallon hotunan da ke bango sannan ya zauna.

"Malam mai hoto, hotunan biki kowa zai ɗauka da waya. Ni abu ɗaya ya kawo ni. Mahaifina nake so ka ɗaukar min."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ya kawo shi shago.

Ya yi ɗan murmushi. "Ba zai yiwu ba. Ni ne ɗan fari. Mu asalinmu Fulani ne, Fulatancin ya tafi tun zamanin kakanni, amma kunyar tana nan daram. Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba. Ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. Ta ina zan fara ce masa ina son hotonsa?"

Ya ce da damina tsohon ya kwanta ciwo, har aka kira shi a waya aka ce ya taho. Kwana biyu ya yi a hanya, yana ta ƙoƙarin ya tuno fuskar mahaifinsa sosai, amma ta ƙi tsaya masa. Muryar yana ji, tafiyar yana gani, fuskar kuwa a'a, don bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta da kyau ba. Allah ya ba tsohon lafiya, amma abin bai bar ransa ba.

"Talata zan koma da iyalina," in ji shi. "Ban san yaushe zan sake zuwa ba, kuma ka san tsufa. Ka zo da wuri ranar Asabar, in sa a kai ka ku gaisa, don ka gane shi."

A nan ne na yi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in rufe fuska. Na shafa lens ɗin da ke kan tebur na ce, "Ango, ka bar min wannan. Shekara nawa ina aikin nan? Uban ango ai ba ya ɓuya. Kuma in ya san ana ɗaukarsa ƙamewa zai yi. Daga nesa zan ɗauko maka shi, bai ma sani ba."

Ya ce to, tunda na ce haka.

Ranar Asabar ban je da wuri ba. Sai da na tabbata jama'a sun taru sannan na iso. (Da gangan ne. Ina so a ga shigowata.) An shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya a ƙofar gidan su amarya. Ban bi na gaisa da kowa ba, hannu na ɗaga na yi sallama ta gaba ɗaya irin ta masu neman ƙuri'a, na wuce can nesa na haye kan wani amalanke da aka jingine. Ango ba ya wurin, yana wani gida da abokansa kamar yadda aka saba. Na ɗora ido a kyamara na fara neman mutumina.

Ban sha wahala ba. Ga shi nan a tsakiya, dattijo mai cikar fuska da farin gemu, ya sha babbar riga ta shadda, hula ta zauna. Shi ya nemi auren a bakin waliyyin amarya, shi ya karɓa, shi kowa ke miƙa wa hannu. Na ce a raina, ka ga uban ango. Na ɗauke shi yana addu'a, na ɗauke shi yana dariya, na ɗauke shi yana ɓare goro.

Kada ka ce ban san al'ada ba. Na sani sarai. Ni kaina ranar ɗaurin aurena ƙanin babana ne ya karɓar min, babana yana can baya kamar ɗan gayya. Amma a kan amalanken nan ban tambayi kaina wane ne uban ango ba. Wanda zai yi kyau a hoto na nema, na kuwa same shi.

Akwai wani siririn tsoho da ya yi ta shiga min tsakani. Rigarsa shuɗiya ce da ta koɗe, ga malfa a ka, ga buta a hannu. Ya gyara wannan tabarma, ya miƙa wa wancan ruwa, ya kori akuya. Da aka zo shafa fatiha, daidai lokacin da dattijona ya ɗaga hannu haske ya sauka a fuskarsa, sai tsohon nan ya tsaya cak a gabana shi ma ya ɗaga nasa. Da ina kusa da na taɓa shi a hankali. To ina nesa. Sai na ɗaga murya, a gaban kowa:

"Baba mai malfa! Ɗan matsa gefe mana, kana tare min mahaifin ango!"

Kawuna suka juyo. Wasu suka sunkuyar da kai. Tsohon ya waigo, ya ɗaga min hannu ya ce, "To, Malam mai hoto, a yi haƙuri." Ya koma bayan tsamiya ya ƙarasa addu'arsa a can. Na lura wurin ya yi wani irin shiru, amma na ɗauka kwarjinin lens ne. Ba wanda ya ce min komai, don ba a kunyata baƙo a taro, ni kuma ban tsaya cin abinci ba balle wani ya ja ni gefe. Ana shafawa na hau babur.

Lahadi na zaɓi wanda ya fi kyau, na wanke shi babba, na sa a firam mai ruwan zinare. Sannan na ƙara abin da ba wanda ya sa ni. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: Mahaifin ango, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dama Isiyaku ya ce in kira shi in na iso ya fito ya karɓa a waje. Ni kuwa na ga aiki irin wannan bai kamata a miƙa shi a ɓoye ba.

Litinin bayan la'asar na isa gidansu. Zauren cike da dattawa da suka zo yi wa ango sallama. Dattijona yana ciki. Na yi sallama, na tsaya a tsakiya, na kware takardar da na naɗe firam ɗin, na ɗaga shi sama ina juyawa don kowa ya gani.

Wani ya matso ya karanta rubutun a fili, a hankali, kalma bayan kalma. Sai dattijona ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Kai! Ashe haka nake da kyau ba a taɓa gaya min ba? Amma ɗan nan, ka ba ni ɗa ka ƙwace wa yayana!"

Isiyaku yana durƙushe a bakin ƙofa. Ya miƙe ya matso kusa da kunnena. "Wannan ai Baba Sale ne, ƙanin mahaifina."

"To ina mahaifin naka?"

Bai nuna da hannu ba, bai ma kalli wajen ba. Wani dattijo ne ya taimaka masa, da muryar da har waje sai an ji: "Ga Malam Bello nan a bayanka. Ai ka san shi. Shi ne ka kora ranar Asabar."

Na juya. Yana zaune a kan buzu a lungun ƙofa, malfarsa a kan gwiwa. Zauren ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Wannan na'ura taka tana gani har Gwaram, amma ba ta ganin gabanta." Wani ya ce a bar ni, yaron birni ne. (Birnin Kudu fa. Kuma ina da 'ya'ya uku.) Malam Bello bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya miƙe, ya ce bari ya je ya ba shanu ruwa, ya fita.

Ban san yadda na ajiye firam ɗin ba. Na tsinci kaina a waje a kan babur, ina bin hotunan Asabar ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa Malam Bello ya faɗo a wani. Babu. A wani ga kafaɗarsa. A wani ga hannunsa da buta. A wani gefen malfa, shi ma ya dushe. Lens ɗin nan da mai shago ya ce zai kwashe masallaci da jama'arsa, ko sau ɗaya ban murɗa shi baya ba. Da na yi, da tsohon ya fito ko a gefe ne. Na matse duniya gaba ɗaya a kan fuska ɗaya, kuma ba ita ba ce.

Isiyaku ya fito ya same ni. Na shirya jin faɗa, har na fi son ya yi. Sai ya ce, "Ba komai, Malam. Allah bai yi ba. Ka gaida gida." Ya juya. Gobe da safe zai kama hanyar Fatakwal yadda ya zo, kuma ni na jawo masa.

Ƙafata tana kan kik, zan ta da babur. Ba zan ɓoye ba, na yi niyyar gudu. Abin da ya tsayar da ni ban sani ba, wataƙila kunyar ce ta kai inda gudu ma ba zai rage ta ba. Na sauka, na zagaya bayan gida inda ake ɗaure shanu. Malam Bello yana tsaye yana sosa wuyan wata farar saniya. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta gida da iyali da jiki da dabbobi. Rabon da in yi irinta a wajen aiki har na manta.

"Baba, na zo neman gafara."

"Ta me? Ai gaskiyarka ce, na tare maka. Ba a tare wa mai aiki."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na gaya masa komai, cewa ba don biki aka kira ni ba, don shi ne.

"Hotona? Me za a yi da hoton tsoho?"

"Tafiya za a yi da shi, Baba. An ce ana so a riƙa gani."

Bai kalle ni ba. Ya ci gaba da sosa wuyan saniyar, ya cire mata wani abu a kunne ya yar. Can ya ce, "Ka ga wannan farar? Ta mai tafiyar ce. Daga wadda aka ba shi ranar suna ta fito. Rabonsa da ita tun tana maraƙa. In hoto ake so, ita za ka ɗauka, ya san abinsa yana nan." Ya shafa bayan saniyar. "Sai dai ba ta tsayawa ga baƙo. Dole in riƙe maka igiya."

Na ce haka ne, Baba, dole.

"To jira ni."

Ya shiga gida. Da ya fito, sai ga shi cikin farar rigar Juma'a, da hula sabuwa, har da kwalli a ido. Ban tambayi dalilin da riƙe igiya ke buƙatar kwalli ba. Hankalin da ban yi ba ranar Asabar, ranar na yi shi.

Wurin matsattse ne, danga tana bayana, taku uku ne tsakaninmu. Na murɗa lens ɗin baya har ya ƙure, ya koma ɗan guntu. Rana ta yi ƙasa, haske ya ragu, hannuna kuma rawa yake. Na durƙusa na dafa gwiwar hannu a kan turke, na riƙe numfashi. Huɗu na ɗauka. Uku sun girgiza. Ɗaya ya fito. Ba ni yake kallo ba, saniyar yake kallo, amma fuskar tana nan gaba ɗayanta, har da ɗan abin da ya so ya zama murmushi.

Talata da safe na tare Isiyaku a tashar Birnin Kudu, ana ɗaure musu kaya. Na miƙa masa ambulan. Ba firam, ba rubutu. Ya zaro hoton ya tsaya yana kallo, har direba ya yi ham sau biyu.

"Ta yi ƙiba," in ji shi.

Na ce, "Ana kula da ita."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da hoton cikin ambulan, ya zura a aljihun ƙirji ya danne da tafin hannu. Sannan ya juya min baya yana gyara igiyar kayan da an riga an ɗaure tamau. Na bar shi da igiyarsa.

Lens ɗin yana nan, da shi nake aiki har yau. In wani ya tambaye ni ko ya sayi irinsa, nakan ce ya saya, yana rage wahala, sai dai ya kula da duhu da rawar hannu. Baba Sale kuwa ya ɗauke firam ɗinsa ya rataye a zaurensa, ya liƙe rubutun da salatif, kuma duk inda ya zauna sai ya ce bai taɓa ganin mai hoto irina ba. (Gaskiya ya faɗa, ta kowace fuska.) Abin da na koya dai bai wuce wannan ba: lens zai kawo maka fuskar mutum daga nesa, amma ba zai gaya maka ko wane ne ba, sai ka taka ka je ka durƙusa ka tambaya. Yanzu kafin in buɗe jaka sai na bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Matata tana ta mita wai ba ta taɓa ganin mai hoton da wandunansa ke mutuwa ta gwiwa ba.